Hoton Ɗan Goggo da Kwamfutata Ta Kusa Haɗiyewa

Ko zan manta komai na shekarar da muka yi gudun hijira zuwa Yola, ba zan manta ranar da kwamfutata ta kusa tafiya da fuskokin mutanen garinmu ba.

Ni mai ɗaukar hoto ne. Kafin 'yan bindiga su shigo garinmu a arewacin Adamawa, babu suna ko biki da za a yi ban je ba. Ranar da muka fito ban ɗauki riga ta biyu ba, amma na rungumo kwamfutar hannu da faifan ajiyarta. Hankalina kwance yake, don akwai wata manhaja da na sa, duk lokacin da na jona faifan sai ta kwafe hotuna a ciki, ta nuna min koriyar alama cewa ta gama.

Muka sami ɗaki a unguwar Gwadabawa. Wata Lahadi da safe wata dattijuwa 'yar garinmu ta yi sallama. Ɗanta, magidanci, ya ɓace tun ranar gudu, kuma duk sansanin da ta je cigiya sai a ce ta kawo hotonsa. Gidansu ya ƙone, ba ta da ko ɗaya.

"Kai ka ɗauke shi ranar sunan 'yarsa," ta ce.

Ina kunna kwamfutar ta fara ƙara ƙas-ƙas, tana daskarewa. Na ce, "Goggo, kwantar da hankalinki, ina da kwafi." Na jona faifan, manhajar ta nuna korenta kamar kullum. Da na buɗe, tsofaffin hotuna kawai na gani. Duk aikin da na yi a watannin ƙarshe babu.

Maƙwabciyarmu, 'yar wajen Numan da ke aiki a sashen kwamfuta na wani ofishi a Jimeta, ta fito cikin adon coci, ta ji ina salati. Ta leƙo, ta saurari ƙarar, ta ajiye jakarta.

"Malam, cire hannunka. Kar ka sake kashewa ka kunna. Faifan cikinta ne ke mutuwa."

Ta zauna a tabarma da leshinta. Ba ta yi gaggawa ba. Ta canza waya, ta canza ramin jonawa, ta sake gwadawa, koren ya sake fitowa, hotuna babu. Ta ƙura wa allon ido, can ta nuna min kusurwar ƙasa.

"Duba kwanan wata."

Agogon kwamfutar ya koma shekaru baya. Ta bayyana min cewa ɗan batirin da ke riƙe agogon ya daɗe da mutuwa, don haka duk sabon hoton da na zuba yana shiga da tsohon kwanan wata. Ita kuwa manhajar sabo kawai take nema; da ta ga tsohon kwana sai ta ɗauka ta riga ta kwafe, ta tsallake.

"Anti, yanzu sun tafi kenan?"

"Suna ciki tukuna. Amma ba za mu ba wannan makaryaciyar aikin ba. Da hannu za mu ɗebo."

Haka ta fara, kaɗan-kaɗan, ta kwafa, ta buɗe ta gani da idonta, sannan ta wuce gaba. Mijinta ya leƙo ya ce lokacin sujada na wucewa. Ta ce, "Je ka, ka sa mu a addu'a." Aka ɗauke wuta, ta jawo waya daga janaretonsu. Kwamfutar ta ɗau zafi, sai Goggo ta matso da maficinta tana yi mata fifita kamar mai jinyar jariri. Wasu hotunan sun ƙi fitowa, Anti ba ta tsaya faɗa da su ba, ta ce mu ceci masu rai tukuna.

Bayan la'asar ɗan Goggo ya bayyana a allon: yana tsaye da farar riga, riƙe da jaririya, yana dariya. Goggo ta ɗora tafinta a kan allon. Anti ta juya kai tana share ido da bakin ɗankwalinta. Washegari kwamfutar ta mutu, ba ta sake tashi ba.

Muka wanke hoton, Goggo ta ci gaba da yawo da shi. Da damina wani direba mai ɗauko masara daga Ngurore ya gane fuskar: ɗan Goggo yana can wata gona yana ƙwadago, da raunin da ya warke a ƙafa, shi ma yana zaton uwarsa ta rasu.

Na je yi wa Anti godiya, ta ce in bar godiyar in sayi faifai na biyu. Na saya. Tun daga ranar na koyi cewa abin da ka ajiye, in ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ba ka ajiye shi ba. Na kuma koyi cewa ibada ba sai a wurin ibada ba, don na ga wadda ta yi tata a kan tabarmar ɗan gudun hijira.