Motar da Ta Fi Tsufa a Takarda

Har yau ban manta da ranar Talatar da Madam Hamsatu ta kira ni buronta, wato ofishinta, ta ce in rubuta mata tarihin motocinmu ba. Tsakiyar shekarun dubu biyu ne. Ba zan rantse a kan shekarar ba, amma bayan damina ne, don ana cikin yankan gero. Lokacin ban cika shekara da fara aiki ba. Na fito daga jami'a da takardata, da kuma tsoron kada in sa hannu a kan abin da zai dawo ya kama ni.

Ga waɗanda suka zo bayanmu: kamfaninmu tukwanen gas na girki yake sayarwa, amma a wancan lokacin yana haɗawa da gawayin ƙasa, wanda ake haƙowa a arewa, a gasa shi don hayaƙinsa ya ragu, a zuba a buhuna. Depo ɗinmu na Konni yana da manyan motoci shida, duk ƙira ɗaya. Huɗu suna doguwar hanya, su haura Tawa, su wuce Abalak, su ɗauko kaya. Biyu suna rabo a nan kusa, Malbaza da Illela da Alela. Kowace mota tana da lambarta a takarda, amma ban taɓa jin direba ya kira lamba ba. Sunaye suke kira. Biyu ne suka shafi labarin nan: Kaka, wadda fentinta ya ƙone har ba a gane launinta na asali, da Amarya, mai ƙyalli, wadda aka sayo daga bakin teku a Kwatano bayan duk sauran.

Madam Hamsatu ita ce shugabar depo, Bazabarma ce daga Doso, kuma ta riga ni zuwa da 'yan watanni kawai. Ta nuna mini wasiƙa daga babban buro na Yamai. An ce a rage mota ɗaya, a sayar da wadda ta fi tsufa. Har an sami mai saye, wani Alhaji dillalin tsofaffin motoci, zai zo ran Litinin. Aikina shi ne in yi wa kowace mota shafi guda, inda aka sayo ta da gyaran da aka yi mata, sannan in rubuta wadda ta fi tsufa in sa hannu.

Aikin bai yi wuya ba. Kafin la'asar ɗin Laraba na gama, kuma takardu sun nuna Kaka ta girmi kowa da tazara mai yawa. Madam ta ce babu wanda zai rasa aiki: direban Amarya ya bar mu ya koma tuƙin tanka, don haka Baba Nomau, direban Kaka, zai karɓi Amarya ya ci gaba da hanyar arewa. Ta aike ni in yi masa albishir.

Na same shi a inuwar motar yana goge madubi. Baba Nomau dattijo ne ɗan Tsarnawa, ba mai yawan magana ba, ya fi shekara ashirin yana tuƙa Kaka. Na gaya masa cikin murna. Ya ci gaba da goge madubin da ya riga ya fita tas. Can ya ce, "To, Mushe Sani. Allah shi sa haka ya hi alheri." Haka yake kirana, Mushe irin na Faransanci, wato Malam. Ya ƙara da cewa dama ƙaninsa ya daɗe yana kiransa ya koma gona, ƙila lokaci ne ya yi.

Wannan ya tsaya mini a rai. Mutum a ba shi mota mai ƙyalli ya ce zai koma gona. Amma gaskiya ba wayo ne ya sa na bincika ba, tsoro ne. A takardar saye akwai lambar inji, ni kuma na kwafe ta ban gani da idona ba. Na yi ta tunanin idan Alhajin ya duba ya ga harafi ɗaya ya bambanta, sunan wa za a kira. Ran Alhamis da safe na ari tocila da tsumma, na shiga ƙarƙashin Kaka da farar rigata. Na goge baƙin mai na karanta lambar. Ba ita ba ce. Ba harafi ɗaya ba, duk lambar ce daban. Na karanta sau uku. Sai na rarrafa zuwa Amarya, wadda ke tsaye kusa, don in ga ko ni ne ban iya karatun ba. A jikin injinta na sami lambar Kaka.

Ina fitowa na ga ƙafafun Shef Garba, shugaban garaji. Bagobiri ne mai babbar murya, wanda ya koya wa rabin bakaniken Konni aiki. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce ashe jami'a tana koyar da wanka da baƙin mai. Na nuna masa lambobin, na ce ina jin, ko da yake ba na zargin kowa, kamar an yi sata. Ya yi dariya har ya dafa taya. Daga nan ya ja ni bayan garaji, ya daina dariyar.

Ga abin da ya gaya mini. A garajin akwai abin da suke kira rabon gado: idan mota ta mutu, sai a raba kayanta ga 'yan'uwanta. Shekaru kafin zuwana wata motarmu mai ɗan sabunta ta kife a wani kwari tsakanin Badagishiri da Illela cikin ruwan damina. Ba a rasa rai ba, amma jikinta ya tashi daga aiki, Yamai ta soke ta daga lissafi. Injinta kuwa lafiya lau. Garba ya ciro shi ya sa wa Kaka, don ita ke doguwar hanya. Tsohon injin Kaka ya ajiye a lungu. Bayan haka aka sayo Amarya, a shekararta ta biyu injinta ya tsage. Ya rubuta wa Yamai neman sabo, wata uku shiru, ga makarantun kwana suna jiran gawayi. Sai ya tayar da tsohon injin Kaka ya ɗora mata. Tun daga nan ba a barin Amarya ta wuce Badagishiri. Duk direbobi sun sani. Abin da ba a yi ba shi ne neman izini, kuma dokar kamfani ta ce ba a sauya inji sai da sa hannun Yamai. Hukuncin yana iya kai wa ga kora.

Na tambaye shi abin da zai faru idan Baba Nomau ya ɗauki Amarya zuwa arewa. Ya ce za ta kai shi bayan Abalak ta ajiye shi a inda babu ruwa. Na ce to me ya hana Baba ya faɗa wa Madam. Garba ya kalli ƙasa ya ce, "Shina rufa mini asiri na."

A ranar na rubuta rahoto biyu. Na farko ya ce Kaka ce ta fi tsufa, kuma babu ƙarya a ciki, don abin da takardu suka ce ke nan. Na biyu ya faɗi inda kowane inji yake. Na sa su a aljihun tebur ina ta buɗewa ina rufewa. Ran Juma'a bayan masallaci na je wurin Baba Nomau neman shawara. Ya ce in sa hannu a na farko. Ya ce shi ya tsufa, gona tana jiransa, Garba kuwa yana da iyali da yawa a wuyansa, kuma duk abin da ya yi don motoci su yi tafiya ya yi. Na ce to wanda za a ɗauka bayansa fa, wanda za a miƙa wa Amarya a ce ya nufi arewa? Ya sauke buta daga wuta. Ya ce shayi ya yi, in sha.

Ran Asabar na sami Garba a garaji. Na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa ƙila, ina cewa wataƙila, har ya ce in ina da magana in yi ta, yana da aiki. Na ce ba zan iya sa hannu a na farko ba, ran Litinin da safe zan kai na biyu, kuma na ga bai kamata ya ji daga bakin wani ba. Ya ce mini ɗan takarda, ya ce lokacin da yake kwance injin nan ni ina koyon a, b, c a lakwal, makarantar boko. Ya juya mini baya. Na fita.

Litinin na iso ƙarfe bakwai da rabi, na tarar da mutum a benci ƙofar buron Madam cikin babbar riga da hula. Sai da na matso na gane Garba ne, don ban taɓa ganinsa ba baƙin mai ba. Ya ce ba zai yarda yaron jiya ya ba da labarin aikinsa ba, ya ɓata shi da ƙila da wataƙila.

Madam ta iso ta gan shi, ta tsaya. Kun san wasan da ke tsakanin Zabarmawa da Gobirawa. Ta ce, "Bawana, wa ya mutu? Ko aure za ka ƙara?"

Ya ce, "Uwar ɗakina, laihi na kawo miki, da zafinai."

Muka shiga. Ya faɗi komai a tsaye, bai rage ba, bai roƙi komai ba. Madam ta karanta rahotona na biyu. Ta tambaye shi ko akwai kwafin wasiƙar da ya aika Yamai. Ya ce bai ajiye ba. Na ce in ban yi kuskure ba na ga irinta a cikin takardun Amarya. Ta ce in je in duba, in bar kuskuren a waje. Na kawo ta. Duk da haka ta ce ita ba bakanike ba ce, ta yaya za ta gaya wa Yamai motar da ke ƙyalli ita ce tsohuwa, a kan maganar Bagobiri ɗaya?

Muna cikin haka Alhajin ya iso. Madam ta ce mu yi shiru. Ta fita ta tarbe shi, ta ce an sami ɗan canji, Amarya za a ba shi maimakon Kaka, bisa sharaɗin da aka riga aka yi. Na zaci zai yi murna. Fuskarsa ta sauya. Ya ce a tayar da ita. Aka tayar. Bai ko buɗe murfin inji ba, ya karkata kai ya saurara kamar minti ɗaya, ya ce a kashe.

"Madam, ni Kaka anka ce mini," in ji shi. "Shekara nawa ina zamne bakin hanya Tsarnawa ina jin ta tana hawa da kaya. Wagga kuwa, fenti za ni saye?"

Direbobin da ke tsaye suka fashe da dariya. Har Baba Nomau sai da ya rufe baki da hannun riga. Madam ta juyo ta dubi Garba ta ce ashe duk ƙasar Konni ita kaɗai ce ba ta sani ba, ita da Yamai.

Ba a gama a ranar ba. Madam ta aika rahotona na biyu tare da tsohuwar wasiƙar Garba da nata bayanin. Mun yi kusan wata muna jira, kuma a watan Garba bai amsa gaisuwata da baki ba, sai da kai. Amsa ta zo: a bar Kaka a hanya, a sayar da Amarya, a ba Shef Garba takardar gargaɗi. Ba a kore shi ba, amma takardar ta shiga dosiyensa, wato fayil ɗinsa na aiki, kuma ƙarin matsayin da yake jira a shekarar bai zo ba sai ta gaba. Wannan ba na so in ɓoye muku shi, don hannuna yana ciki. An kuma umarce ni in zauna da shi mu rubuta tarihin sauran motocin na gaskiya. Mako biyu muka yi, yana faɗa ina rubutawa: akwatin giyar wannan daga waccan yake, ƙafafun baya na waccan gadon wata ne da ta mutu kafin a haifi depo ɗin. Babu mota ko ɗaya cikin biyar ɗin da ta rage yadda aka sayo ta. A rana ta uku ya fara kawo mini ƙosai, ya ce kada in suma masa a garaji.

Baba Nomau ya ƙara shekara huɗu a kan Kaka kafin ya koma gonarsa da ƙafarsa. Ran da ya fara komawa arewa bayan amsar Yamai, ya tsaya daidai tagar burona da mota, ya danna oda sau biyu, ya wuce. Bai taɓa ta da maganar da ni ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, kuma ina faɗa da taka-tsantsan don ban ce ya shafi kowane gida ba, shi ne takardar saye ranar zuwan mota kawai ta sani. Abin da ya same ta bayan haka yana hannun waɗanda ke kwanciya a ƙarƙashinta. Kuma a aikin nan, idan kuka kai wa mutum labari mai daɗi ya ce zai koma gona, kada ku yi saurin sa hannu. Ku tambayi kanku wa yake karewa da shirunsa, sannan ku je ku gaya wa wannan mutumin abin da za ku rubuta tun kafin ku kai buro.