Tsakiya da Tsakuwa

A hannun gwaggona na koyi ɗinkin tsakiya, a Argungu. Tsakiya dai ƙananan duwatsun ado ne masu huda. Gwaggo ba ta taɓa zana komai a kan ƙyalle ba. Sai ta zuba su a faifai, wadda yatsanta ya fara taɓawa ita za ta ɗinka, sannan ta nemi wadda za ta zauna lafiya kusa da ita. Haka na tashi ina yi, kuma har yau ban iya bin zane ba.

Bayan aure muka zauna Birnin Kebbi, lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato. Wata malama mai kula da ajin matan aure ta ga ɗinkin tsakiyar da ke jikin jakar hannuna a gidan suna, ta ce in zo ran Asabar in koya wa matanta. Bakina ya riga hankalina, na ce to. Sai a hanya na tuna su wane ne matan: matan manyan ma'aikata, masu leshi da turare. Ni kuwa 'yar masunta ce, kullum ina jin kamar ƙarnin kifi na biye da ni. Tsorona ke nan, kada su gane su raina ni.

Tsakiyar da na samu a kasuwa ja ce da fara, ko mutum uku ba za ta isa ba. Sai na rubuta wa kawuna wasiƙa, na ce ya sa matan gida su tara mini tsakiya. Rubutun nawa na yaƙi da jahilci ne, ni kaɗai nake gane shi, wani lokaci ni ma sai na tsaya.

Ran Laraba direba ya sauke mini rabin buhu a ƙofar gida yana haki. Na kwance. Tsakuwa ce, wankakkiya tas, har an tsince manyan.

Washegari na hau motar Argungu raina a ɓace. Na tarar da Kawu a zaure yana gyaran taru.

"Ɗiyata, ba ta isa ba? Ai sai da nit tahi hat tudu, nan bakin gulbi yashi na."

"Kawu, tsakiya nic ce. Ta ɗinki."

"To, mai karatun tsakuwa yac ce. Ni ma na yi mamaki, nic ce ko gini za ki yi."

Ya yi dariya har da hawaye. Na so in riƙe fushina, abin ya gagara.

Matan gida kuwa da suka gama yi mini tsiya, sai kowacce ta jawo adudunta. Jigidar da ta tsinke, maɓallan tsofaffin riguna, ɗan kunnen da ɗan'uwansa ya ɓata, duk suka zuba mini a kwano. Maƙwabta ma suka aiko. Gwaggo, wadda idonta ya yi rauni a lokacin, ta miƙo mini wani gwangwani. Ƙashin bayan kifi ne, ta dafa, ta wanke da toka, ta shanya har ya yi fari ƙal, kowanne da hudarsa. Na karɓa don kada ta ji ba daɗi, amma a zuciyata na ce wannan ba zai fito gaban matan nan ba. Kawu ya ƙara mini da zaren taru, ya ce ba ya tsinkewa.

Ran Asabar na juye kayan a kan tabarma. Malama ta duba, babu biyu masu kama da juna, ta ce, "Ina zanen da za su bi?" Na ce babu, kowa ta ɗauki abin da ya zo hannunta. Da farko sun yi ta kallon juna. Kafin azahar ajin ya kaure da hira, wannan na neman shuɗiya, waccan na musayar maɓalli da ja. Daɗi ya kama ni, har na manta da kaina. Ashe garin juye kaya na haɗa da gwangwanin Gwaggo.

Wata Hajiya, matar babban ma'aikaci, wadda tun safe ba ta ce mini uffan ba, ta ɗago ƙashin kifin guda ɗaya tsakanin yatsunta, ta dube ni.

"Malama, wagga hwara daga ina? Ta Makka ta?"

Da na ce e, da an wuce wurin. Amma ƙarya a kan aikin Gwaggo ta yi mini nauyi a baki.

"Ƙashin kihi na, Hajiya. Gidanmu masunta na."

Hajiya ta juya shi, ta kai hanci ta shinshina, ta daɗe tana kallonsa.

"Na giwan ruwa na," ta ce. "Ubana ma shi yaka kamawa, can Augie. Ban taɓa hwaɗa ma kowa nan ba."

Ta tura mini allurarta. "Sa min zaren nan naku, idona bai gani."