Jan Ƙyalle a Aljihun Mai Agogo

Godiya ta tabbata ga Ubangijin da yake tsare bawa a inda dabarar bawa ta ƙare.

Mai Agogo ake ce masa, domin ya yi shekara arba'in da ɗoriya a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana gyara wa mutane agogo. Da gani ya raunana, jama'a kuma suka koma duba lokaci a waya, sai ya rufe rumfa ya dawo gida. Amma hannun da ya saba da aiki ba ya yarda da zama. Sai ya mayar da himmarsa kan motarsa, wadda mutanen gidan suke kira Dattijuwa, saboda ta girmi autarsa da shekara huɗu.

Inji yakan kai wa makanike. Birki kuwa bai taɓa yarda wani ya sa masa hannu ba. Yakan ce, "Inji in ya mutu, tsayawa za ka yi a gefen hanya ka ji haushi. Birki in ya mutu, wasu ne za su tsaya a kanka." A wurinsa birki amana ce, kuma tawakkali ba ya kore riƙo da sababi.

A gyaran birki akwai aikin da mutum ɗaya ba ya iyawa. Duk lokacin da aka kwance tiyon da man birki yake bi, iska takan shiga, kuma dole a fitar da ita. In ba haka ba, birkin yakan zama mayaudari: a tafiyar sannu ya ɗan kama, a gangara ƙafa ta nutse har ƙasa ba abin da ya riƙe. Fitar da iskar sai mutum biyu, ɗaya a kujerar direba yana takawa, ɗaya kwance a gindin taya yana sassauta noti. Shekara talatin uwargidansa ce take hawa kujerar nan, alhali ba ta taɓa tuƙa mota ko taku ɗaya ba. Shi yana ƙasa a kan buhu yana kira:

"Taka. Taka. Taka. Riƙe!"

"Na riƙe, Malam."

"Saki."

"Na saki. Wai ni yaushe za a ba ni lasisina? Na fi direbobin garin nan taka birki."

"Ranar da kika bambance giya da abin rataye jaka."

Yana da wata ƙa'ida kuma, wadda kowa a gidan ya haddace kamar Fatiha. Muddin aikin birki bai ƙare ba, akwai jan ƙyalle ɗaure a sitiyari. In an ga ƙyallen, ba mai taɓa mota. In babu shi, Dattijuwa lafiyarta ƙalau. Shekara talatin ƙyallen bai taɓa yin ƙarya ba.

A shekarar da abin ya faru, gwiwar uwargidan ta dama ta kumbura, har salla sai a zaune take yi. Wata safiya Mai Agogo ya leƙa ƙarƙashin mota ya ga tiyon birkin gaba ya tsage, mai yana tsattsafowa. Ya sayo sabo. Ya san halin matarsa: in ta ji an taɓa birki, sai ta ja ƙafar nan ta hau kujera, ko za ta kwana tana nishi. Saboda haka da ta tambaye shi ta taga me yake yi, sai ya ce, "Taya nake dubawa." A ransa ya ƙudurta cewa in Auta ta taso daga makarantar da take koyarwa, da la'asar, ita za ta taka masa.

Ya ɗaga mota da jak, ya cire taya, ya ɗaure ƙyalle a sitiyari, ya sauya tiyo, ya cika mai. Saura fitar da iska. Ana haka sai ga maƙwabcinsa Mai Walda ya leƙo ta ƙofa.

"Baba, a taimaka mini da jak. Wata motar kaya ce ta yi faci a ƙofar shagona, ta tare mini hanyar abinci."

"Kai kullum aro. Ranar da ka sayi naka sai na yi sadaka."

"Ai maƙwabcin mai jak ba ya sayen jak, Baba."

Mai Agogo ya mayar da taya, ya ɗaure notuna, ya sauke mota, ya miƙa masa. Man birki ya ɓata masa yatsu, tsumman da yake goge hannu kuma ya jiƙe sharkaf. Ya miƙa hannu ta tagar mota ya kwance jan ƙyallen, da niyyar ya goge ya mayar. A daidai nan ladan ya kira azahar. Ya dubi agogon hannunsa, ya yi alwala a gurguje, ya nufi masallaci.

Sai bayan an sallame, ya sa hannu a aljihu zai ciro carbi, yatsunsa suka taɓa wani abu mai laushi da maiƙo. Ya jawo shi. Jan ƙyalle.

Ya daɗe yana kallonsa kamar bai san shi ba. Sa'an nan abubuwa suka jero masa ɗaya bayan ɗaya, kamar haƙoran agogo: mota tana tsaye a kan ƙafafunta huɗu, sitiyari ba alama, matarsa ta san taya kawai aka duba, Auta kuma tana da makulli nata. Ya ce wa zuciyarsa Auta ba ta tasowa sai la'asar. Zuciyar ta amsa masa da cewa yau Laraba, ranar da likitan ƙashi yake zama, kuma tun makon jiya yarinyar take cewa za ta nemi izini ta kai uwarta.

Bai tsaya nafila ba. Takalmi ma ƙafa ɗaya nasa ya saka, ɗaya na wani. Dattijon da shekara goma ba a ga ya ɗaga ƙafa da sauri ba, ranar nan yara suka ga yana gudu, riga tana harɗe shi.

Ƙofar gida a buɗe. Inda Dattijuwa take tsayawa babu komai sai buhun da yake kwanciya a kai, da sifana, da kwalbar man birki, da sawun taya ya fita waje.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya ciro waya. Ya kira Auta. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira, ta katse. Ya san dalili, kuma sanin ya fi rashin amsar ciwo: shi da kansa ya koya mata tuƙi, shi ya sa ta yi masa alkawari ba za ta taɓa ɗaga waya tana bisa hanya ba, ko da shi ne yake kira. Ya kira ta uwargida. Sai ya ji tana ƙara a cikin ɗaki, a kan sallaya.

Hanyar asibiti ya san ta kamar tafin hannunsa. Daga gida zuwa kwanar gidan mai shimfiɗe take, a nan birkin zai yaudare ta. Daga kwanar sai gangara mai tsawo, a ƙarshenta kuma mararraba, inda manyan motoci suke wucewa ba sa duban kowa.

Ya isa shagon Mai Walda yana haki. Mai Walda ya ɗago gilashin fuskarsa yana dariya.

"Baba, jak ɗin ne har da biyo sahu? Ai yanzu..."

"Tashi babur. Auta ta fita da mota, da uwarta a ciki. Ba birki."

Dariyar ta mutu a fuskar Mai Walda. Bai ko kashe injinsa ba.

A bayan babur Mai Agogo ya so ya yi addu'a. Mutum ne da ya haddace addu'o'in tafiya da na tsoro da na baƙin ciki, amma duk suka gudu daga kansa, ba abin da ya rage a harshensa sai "Ya Latifu, ya Latifu." Sai hotuna suke zuwar masa waɗanda bai kira su ba: ƙafar Auta tana nutsewa, gwiwar nan mai kumburi tana bugun ƙarfe, shi kuma tsaye a gaban mutane ana yi masa ta'aziyyar abin da hannunsa ya aikata. Ya tuna kalmar da ya faɗa ta taga. Shekara arba'in da shida bai yi wa matar nan ƙarya ba, sai yau, a kan abin da ya ɗauka tausayi ne.

"Ƙara wuta," ya ce.

"Baba, in na ƙara mu ma sai an kwashe mu."

"Ƙara, na ce!"

Suka sha kwanar gidan mai. Gangara ta buɗe a gabansu, kuma can ƙasa, kusa da mararraba, akwai taron mutane, da wata babbar mota tsaye a karkace. Mai Agogo ya runtse ido. Ya ji Mai Walda yana cewa wani abu, bai fahimta ba. Ya buɗe ido don dole.

Dattijuwa tana gefen hanya, hancinta cikin tarin yashin wasu magina, ƙurar yashin ba ta gama kwantawa a kan gilashinta ba. Tsakaninta da mararraba bai fi taku ashirin ba. Babbar motar ta direban da ya tsaya kallo ce.

Ya sauka tun babur bai tsaya ba, ya faɗi a gwiwa ɗaya, ya tashi, ya kutsa cikin mutane. Auta tana zaune a kan wani bulo, an ba ta ruwa. Uwargida tana cikin mota har yanzu, ƙofa a buɗe, hannunta na nan damƙe da birkin hannu, ta ƙi saki.

Auta ta gan shi ta fashe da kuka. "Baba, na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa. Na duba sitiyari kafin mu fito, wallahi na duba, babu ƙyalle."

Ta share hawaye, ta ci gaba.

"Na rasa abin yi, na daskare. Sai na ji Mama ta daka mini tsawa da wata murya, irin taka sak: 'Taka! Taka! Taka! Riƙe!' Na yi ta takawa ina saki, ina takawa ina saki, sai na ji ya ɗan yi tauri a ƙafata. Ta ce kada in daina. Na sauke giya, ita kuma ta ja birkin hannu da hannu biyu. Da na ga yashi sai na karkata."

Mai Agogo ya durƙusa a bakin ƙofar motar. Ya ɗora hannu a kan yatsun matarsa, ya ɓamɓare su daga ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Sun yi sanyi kamar an tsamo su daga randa.

"Ta yaya kika sani?" ya tambaya.

"Shekara talatin ina takawa, Malam. Na san in ya yi laushi, takawa ake yi a kai a kai har ya cika. Ban san dalili ba, ƙafata ce ta sani." Ta dube shi da kyau, ta ga takalminsa bambam, ta ga abin da yake leƙowa daga aljihunsa. Sa'an nan ta ce, a hankali yadda mutane ba za su ji ba, "Taya ka ce mini."

"Taya na ce miki."

"Don gwiwata?"

Ya sunkuyar da kai. Hawaye ya bi gemunsa ya ɗiga a kan yashi.

"To ka ga inda tausayinka ya kawo gwiwar," in ji ta. Ba ta ƙara ba, kuma ba ta sake tayar da maganar ba har yau.

Da igiya aka ja Dattijuwa zuwa gida, Mai Walda yana gaba yana kore mutane. Asibiti kuwa a motar haya suka je. Mai Agogo ya yi kwana uku bai taɓa motar ba, kuma ya daɗe in ya rufe ido gangarar nan yake gani.

A rana ta huɗu, da hantsi, ya shimfiɗa buhu. Kafin ya taɓa noti, ya shiga ɗaki ya faɗa wa matarsa abin da zai yi, dalla-dalla. Ya ɗaure jan ƙyalle a sitiyari, ƙulli biyu. Ya karɓi makullin Auta ya haɗa da nasa ya ba uwargida ta riƙe. Auta ta hau kujerar direba. Aka fito wa uwar da kujera aka ajiye a inuwa, ta miƙe ƙafa a kan matashi.

Ya kwanta a gindin taya, ya buɗe baki zai yi kira, muryar ta maƙale. Ya sake gwadawa, ta ƙi.

Daga inuwa uwargida ta ce, "Bari, Malam, kai dai riƙe notinka. Auta, taka. Taka. Taka. Riƙe!"

"Na riƙe, Mama."

Ya sassauta noti. Iska ta fito da ɗan huci, mai ya biyo bayanta.