Ganyen Farin Karas

Wata Juma'a ce a ƙarshen sanyi, shekarar da aka kawo mana famfo unguwarmu ta Ƙuba, a nan ƙasa mai tsarki, na tashi na ga hannuwana sun yi bororo tun daga yatsu har gwiwar hannu. Inna ta duba, ta yi salati a hankali, ta ɗauko wani kwano daban ta zuba mini kunu. Kwanon nan shi ya tsorata ni. Na san labarin Gwaggo Asabe da aka baro can gida, wadda kuturta ta cinye wa yatsu. Ita ma da kwano daban aka fara.

To, mafarin abin wani iri ne da wani alhaji daga ƙasar sanyi ya ba Baba, ya ce farin karas ne. Ƙasar bayan ɗakinmu kuwa baƙin dutse ce da 'yar turɓaya a kai, fartanya tsalle take yi. Baba ya riƙa huda ta da ƙarfe, rami-rami, yana cikawa da yashi da kashin awaki, ni ina ban ruwa da gwangwani. Ya daɗe bai tsiro ba. Da ya tsiro, saiwa ta ƙi shiga ƙasa, sai ganye kore shar. Mu kuwa ba ma ganin ganye mu ƙyale. Inna ta ce in tsinko a gwada kwaɗo, na shiga da rana tsaka na yi ta tsinka. Warinsa ya hana a ci.

Na yi kwanaki ina ci ni kaɗai, kullum ina duba yatsuna ko sun fara gajarta. Ƙannena suka daina zuwa mu yi 'yar carafke. Sai wata safiya na ga Baba ya tsuguna a lambun, ya murje ganyen a damtsensa, ya fita aiki cikin rana. Da nasa bororon ya taso, ya ɗauki kwanona ya juye a tiren kowa. "Ganye ne, ya binti, 'yata," in ji shi. "Matso ki sa hannu."

Yanzu a kanti jikokina suke ganin farin karas, a wanke, an yanke ganyen. In na ba su labari su amsa mini da Larabci. Bayan ɗakin nan ya zama wurin ajiye motoci. Tabona ya ɓace tuntuni, na Baba kuwa da shi aka binne shi. Har yau ban iya cin abinci ni kaɗai ba.