Likkafanin Inna Ranar Gobarar Layinmu

Aikina lodin kaya ne. Tun ina saurayi nake tsaye a bayan manyan motocin da ke ɗaukar shinkafa da mai daga bakin teku zuwa arewa, ina nuna wa 'yan dako inda kowane buhu zai zauna. Aikin yana da ƙa'ida, kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba. Mai nauyi shi ne farko, a ƙasa. Mai fashewa ya biyo, a tsakiya, a tokare shi. Wanda ba a so a danne kuwa, da wanda za a fara nema in an isa, gefe ake ajiye shi sai an gama, sannan a ɗora shi a sama a ɗaure. Haka nake lodin mota, haka nake jera takalma a ƙofar ɗaki. Haka kuma na yi ranar da wuta ta shigo layinmu a Zongo.

Sai na fara da likkafanin Inna, mahaifiyata, tunda shi ne maganar. Sau ɗaya ta je Makka, bayan ta tsufa. A can ta sayi farin yadi, ta tsoma shi a zamzam, ta shanya shi a saman masaukinsu har ya bushe. Da ta dawo ta linke shi ta naɗe a wani tsohon koren ɗankwali, ta ɗora a kan akwatinta na sama. Ba ta ɓoye shi ba, ba ta kuma tsoronsa. Duk shekara in ruwa ya ɗauke takan fito da shi ya sha iska, saboda danshin Cotonou yana cin zane. Gwiwoyinta sun riga sun ƙi, kowa a gidan ya san ba za ta sake ganin Makka ba. Yadi akwai shi a kowace kasuwa, amma wanda ta tsoma da hannunta guda ɗaya ne.

Ranar, bayan azahar ne. Na dawo cin abinci. Matata tana kasuwar Saint-Michel, yara suna lakwal, wato makaranta, ƙanwata da ke aure a Godomey ta zo gaida Inna suna zaune a tsakar gida. A ƙarshen layi akwai mai ajiye kpayo, fetur ɗin nan da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi. Abin da na fara ji kamar an rufe wata babbar ƙofa a nesa. Sannan kaji suka yi shiru. Sannan hasken rana ya canza, ya koma kalar shayi, inuwar igiyar shanya ta ɓace daga ƙasa.

Mutane sun ce an yi ihu sosai ranar. Ni ban riƙe ihun ba. In na tuna abin, ba sauti nake tunawa ba, kamar wanda ke kallon mutane daga ƙarƙashin ruwa. Iskar teku tana turo hayaƙin a hankali, gida bayan gida, yana tafiya a kan rufin kwano kamar garken da ba mai kora. Toka tana sauka a kan tuwon da na bari. Wata maƙwabciya ta wuce ƙofarmu rungume da agogon bango, ba takalmi a ƙafarta. Wani tsoho ya wuce da buta ɗaya, yana tafiya a natse kamar zai je alwala.

Inna ba ta yi gudu ba, ba ta da ƙafar yi. Ta shiga ɗaki da sandarta, ta fito da koren ƙunshin, ta miƙo mini da hannu biyu. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Kai," in ji ta, "riƙe wannan. Sauran kuwa, ku kuka sani."

"Inna, bari na kai ki bakin titi."

"Ga 'yar'uwarka nan. Kai ka tsaya kan kayan matarka, kada ta dawo ta ce tsohuwa kaɗai ka ɗauka."

Ƙanwata ta tare mai zemijan guda, wato mai babur ɗin haya, a bakin layi, muka ɗaga Inna muka ɗora ta. Hannu ɗaya ta riƙe sanda, ɗaya ta kama rigar mai babur, shi ya sa ƙunshin bai bi ta ba. Na ce masa ya sauke ta a ƙofar masallaci. Na ga bayanta yana nisa cikin hayaƙi, mayafinta yana kaɗawa, sai ga ni tsaye da likkafaninta a hannu da gida cike da kaya.

Wani abokin aiki ya turo mini amalanken hannu, irin wanda muke kira pus-pus. Na dube shi na dubi ƙunshin. Ba a sa likkafani a ƙasan kaya. Ba a ajiye shi a ƙasa inda ake takawa. Ba a kuma matse shi a hammata a ɗauki tulun gas mai maiƙo. Shi ne mafi daraja a gidan, saboda haka shi ne na ƙarshe, shi ne na sama. Na share bakin tagar zaure da hannun rigata, na ɗora shi a kai, inda idona zai riƙa faɗa masa duk shiga da fita.

Daga nan na fara. Tulun gas, domin kada ya fashe ya ƙara wa maƙwabta. Keken ɗinkin matata. Buhun shinkafa, a jikin keken don ya tokare shi. Akwatunan tufafi. Ƙanwata tana fito da kwanuka tana zubawa ko'ina, ina kwashewa ina jerawa, ƙanana cikin manya.

"Yaya," in ji ta, "mota kake lodi ko gudu muke yi?"

"In ya zube a hanya, wa zai tsince?"

"To sannu, shugaban garaji. Bari in je in ce wa wutar ta dakata, ba ka gama ɗaure igiya ba."

Na ci gaba da jerawa. Hannuna ya san aikinsa, kuma gaskiya a lokacin wani irin kwanciyar hankali ya sauko mini. Duk abin da na ɗauka sai na ji ba shi da nauyi. Na wuce tagar zaure da katifa a ka, na ga koren ɗankwalin yana nan, toka ta fara zama a kansa. Na ce a raina, saura kai. Na shimfiɗa katifar a saman kaya don ta zama masa mazauni mai laushi. Na ja igiya na ƙulla, na bar ƙarshenta a sake saboda shi.

Da na juya, layin ya cika da 'yan kwana-kwana, pompiye, da mesarsu. Suna tura kowa baya. Wani dogo a cikinsu ya sa hannu a ƙirjina. Na nuna masa ƙofarmu, taku kaɗan ne, amma hayaƙi ya riga ya rufe rabinta. Ya tambaye ni da Faransanci ko akwai mutum a ciki. Na ce babu. Ya ce to mene ne. Faransancina na bakin tasha ne, na lissafin buhu da gaisuwa. Na ce masa zane ne, farin zane na mahaifiyata. Ya dubi pus-pus ɗin da ke bayana, cike har sama, a ɗaure tsaf, ya sake dubana. Ya ce in ja baya. Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi bisa tsarinsa.

Na tsaya a bakin titi har la'asar ta wuce. Ruwan mesa yana tashi sama yana faɗowa, tururi yana haɗuwa da hayaƙi. Wani jirgi ya sauko ta wajen filin jirgin Cadjèhoun, ya ratsa hayaƙin ya fita ta ɗaya gefen, kamar bai ga komai ba.

Da magariba muka kai Inna gidan ƙanwata a Godomey. Aka sauke kaya, ko kofi ɗaya bai fashe ba. Inna tana zaune a tabarma tana kallon kowane abu da ake saukewa. Da aka ɗaga katifa, ba ta ga komai a kai ba, sai ta dube ni. Na durƙusa na faɗa mata yadda aka yi, daga farko zuwa ƙarshe, ban tsallake komai ba.

"Ka ji," in ji ƙanwata. "Ya ceci tulun gas."

"Rabu da shi," in ji Inna. "Girmama shi ya yi." Daren nan ba ta ci abinci ba.

Washegari da safe aka bar mu muka shiga. Rufin ɗakunan baya ya tafi, ana ganin sama daga inda gadon Inna yake. Zaure yana tsaye. Ƙunshin ya faɗo daga taga yana kwance cikin baƙin ruwa, ɗankwalin ya ƙone, wuta ta ci kusurwa guda ta yadin kafin mesa ta same shi. Na ɗauko shi a tafin hannu biyu, na hau zemijan da shi a cinyata har Godomey.

Inna ta ce a warware a kan igiya. Ni da ƙanwata muka kama, muna buɗe linki bayan linki. Da yake a linke wutar ta same shi, ƙunar kusurwa ɗaya ta zama ramuka da yawa, a jere, tazararsu ɗaya, kowanne da bakinsa mai launin ƙasa. Iska ta shiga yadin ya kumbura, ana hango shuɗin sama ta cikin ramukan. Inna ta taso da sandarta ta daɗe tana kallo. Ta zura hannu ta cikin rami guda, ta juya shi a ɗaya gefen, kamar mai duba ko ana yayyafi.

"In an wanke, Inna, zamzam ɗin zai fita," in ji ƙanwata.

"Abin da ya sha a Makka ya riga ya sha. Wanke shi da ruwan famfo, ba zan je gaban Ubangijina da warin fetur ba." Ta juyo gare ni. "Kai mai son daidai, ɗauko almakashi."

Da ya bushe na shimfiɗa shi a kan sabuwar tabarma. Na auna da kamu, na bi tsakanin ramukan na yanke, ban bar ƙuna ko kaɗan ba. Yawancin abin da ya fita siraran ƙyalle ne. Guda ɗaya kaɗai ya yi faɗi, daga tsakiyar linkin, inda wuta ba ta kai ba. Inna ta ɗauke shi ta yafa a kanta, ta ja shi ya rufe kunnuwa da wuya, ta zauna haka na ɗan lokaci idonta a rufe. Sannan ta cire ta linke. Ta ce a sayo sauran a kasuwa, farin yadi kowane iri. A ranar ta ci tuwo.

Ta yi shekaru bayan wannan, a ɗakinta da muka sake rufawa. Ranar da ta rasu mata ne suka yi mata wanka da sutura, ni ina zaune a zaure da maza muna jira. Da suka gama ƙanwata ta leƙo, hannayenta a jiƙe, ta kira ni gefe.

"Yaya," in ji ta, "ya ishi kanta. Siraran ma mun yi ɗauri da su."

Na ce alhamdulillahi. Na koma na gaya wa maza su tashi a ɗauka.