Da Sauƙi, Likita

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Sai in fara, in ga kamar tona wa kaina asiri nake, in ajiye biro.

Ina gyaran kifi a kasuwar Kado, ina zaune a Mpape. Ciwon kai ya kama ni tun haihuwar autana. Idan ana fasa dutse a bayan unguwarmu, ji nake kamar a cikin kaina ake yi. Na sha ƙwayoyi har cikina ya fara ciwo. Sai asibiti suka tura ni wurin wata likita, 'yar Filato, wadda ke tara mata masu irin ciwona, ba allura, ba ƙwaya, sai magana da koyon numfashi.

A zaman farko, kowace mace tana faɗin yadda ta kwana. Wata mai sayar da abinci a Dei-Dei ta ce, "Likita, kaina kamar an ɗora masa buhun siminti, oga a gida kuma yana neman tuwo!" Aka yi dariya. Da aka zo kaina na ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Mama, ba gaisuwa nake ba," in ji likita. "Tambaya nake."

"Da sauƙi, likita."

A lokacin idona na hagu kamar zai faɗo. Amma mahaifiyarmu ta yi jinya mai tsawo, ban taɓa jin ta ce komai ba sai da sauƙi. Ina tsoron in buɗe baki ya zama ƙarar Ubangijina nake kaiwa wurin mutum.

Haka na yi ta amsawa kowane zama. Mai abincin har ta sa mini suna Hajiya Da Sauƙi.

Wata rana likita ta riƙe hannuna. Ta ce mata da yawa suna jiran wuri, tunda na samu sauƙi za ta sallame ni, sai dai in akwai abin da ban faɗa ba. Na yi mata godiya, na fito. A bakin titi na tsuguna na yi amai saboda ciwo.

Har yau kunyar komawa nake ji, kar ta ce na ɓata mata lokaci. Ciwon kuwa yana nan.

Don Allah, mai ilimin addini ya sanar da ni: faɗa wa likita gaskiyar ciwo rashin godiya ne? Wadda kuma ta san tsarin asibiti, ana sake karɓar wadda aka riga aka sallama?