Sitonmu Ya Karkata Hagu

Mahaifina ya rasu da damina, amma kwamfutar sitonmu ba ta samu labari ba, ni kuma na daɗe ban gaya mata ba.

Sito ne na kayan masarufi a bakin hanyar Jos: shinkafa, sukari, taliya, madara, man girki da sabulu. Ni ce mai zama gaban kwamfuta a wani ɗan ofishin gilashi da ke kallon layukan kaya. Baba kuwa shi ne babba a cikin masu jera kaya, kuma shi ya nema mini aikin. Kullum tare muke fitowa daga unguwarmu Fadaman Mada a keke mai ƙafa uku, yana gefe yana yi wa mai keke gyaran tuƙi, mutumin da bai taɓa tuƙa ko amalanke ba.

Da mai sito ya sa aka kawo manhajar jera kaya, ni aka koya wa. Aikinta ba wani sihiri ba ne. Idan tirela ta tsaya, za a haska lambar da ke jikin buhu ko katan da wata 'yar na'urar hannu, nan take kwamfuta ta san ko mene ne, da nauyinsa, da girmansa, da ranar lalacewarsa. Daga nan ta duba inda ke da gurbi ta zaɓa masa makwanci. Abin da ake yawan saye tana ajiye shi kusa da ƙofa. Mai nauyi ba ta kai shi sama. Sabulu ba ta yarda ya raɓi sukari ko madara, don kada ƙamshi ya kama su. Wanda ya kusa lalacewa kuma tana tura shi gaba ya fara fita. Bayan waɗannan, mutum yana iya ƙara mata tasa ƙa'idar, ita kuma ta riƙe har ranar da aka cire.

Baba bai yi faɗa da ita ba kamar yadda na zata. A ruga ya tashi, ya ce ai ko shanu kowace ta san inda take kwana, ba sabon abu aka kawo masa ba. Sai dai ya raɗa mata suna ƙanwata. Idan ya shigo da safe ya leƙo ta gilashi ya ce, "Ƙanwarki ta tashi lafiya? Yau ina za ta aike ni?"

Matsalar kafaɗarsa ce. Yana saurayi wani bijimi ya maka shi da ƙasa, kafaɗar dama ta goce, aka gyara irin gyaran daji. Da girma ya zo ta dawo masa da ciwon. Da hagu yake ɗaukar komai, har tafiyarsa ta karkata can. Ƙanwata kuwa ba ta san kafaɗa ba, yau ta tura shi dama, gobe hagu, ya dinga juyi da buhu a wuya. Na gaya wa manaja, shi kuma ba mugu ba ne, ya ce a sa wa tsoho abin da zai sauƙaƙa masa. A gaban kowa na shigar da ƙa'idar: a layin farko, wanda yake na Baba, duk kaya mai nauyi ya tafi hagu, kanta ta biyu, daidai ƙugunsa, don Baba gajere ne. Ranar ya yi ta dariya, wai ashe yarinyar tana da tarbiyya.

Ciwon ajalinsa bai ja lokaci ba. Bayan an share makoki na koma aiki, ina ganin na shirya. Tirelar farko ta sukari ce. Aka haska buhu, kwamfuta ta rubuto: layin farko, hagu, kanta ta biyu. Na tsaya ina kallon rubutun. A gida an kwashe tabarmarsa, an raba rigunansa, butarsa ma wani ya ɗauka. Amma a nan ga wata tana gyara masa wuri, tana jiran ya zo ya ɗauka.

Ban cire ƙa'idar ba. Gaskiya ma na fara zuwa da wuri don in ga buhun farko. Duk safiya sai ta aiki Baba, ni kuma in amsa mata a zuciyata cewa yana hanya. Tsoro nake ji, ina kuma jin daɗi, ban san wanne ya fi yawa ba. Idan ka tsaya a bakin ƙofa ka dubi layin, hagu cike take da buhuna da jarkoki, dama kuwa biskit ne da ashana. Sai ka ga kamar ginin ma ya sauke kafaɗa ɗaya.

Aka ba wani sabon ma'aikaci layin. Mutumin Bogoro ne, dogo sosai, magidanci mai 'ya'ya, ba shi da yawan magana, sai waƙar coci da yake yi ƙasa-ƙasa idan aiki ya yi zafi. Kantar da ke daidai ƙugun Baba, shi a gwiwa take kama shi. Ga shi da dama yake ɗauka, sai ya sunkuya ya kuma murɗa jiki kafin ya sauke. Ya yi haƙuri har damina ta wuce, sannan wata rana ya tsaya a ƙofar ofis yana share gumi.

"Malama, wannan kwamfuta naki, ni da shi akwai faɗa ne? Kullum ƙasa, kullum hagu. Bayana zai karye fa."

Na ce, "Haka tsarin yake. Zan duba."

Sauran ma'aikatan sun san dalili, amma babu wanda ya buɗe baki. Sun yi aiki da Baba, sun ɗauki makararsa, kuma suna jin nauyina. Manaja ya manta da zancen tuntuni, shi dai in kaya sun shiga sun fita ya hau motarsa ya koma GRA. Na ce zan duba, na kuwa duba. Na buɗe wurin ƙa'idar, na karanta ta, na rufe. Ji nake idan na taɓa ta, ni ce zan tura wa Baba ƙasar kabari da hannuna.

Wata ranar Talata da hantsi ina cikin shigar da kayan taliya, na ɗaga kai na hangi Baba a ƙarshen layin farko. Ya ba ni baya, buhu a kafaɗar hagu, jiki a karkace, yana ɗan jan ƙafa yadda yake yi. Na miƙe tsaye ban sani ba, kujera ta faɗi a bayana. Bakina ya buɗe zan kira shi. Da ya sauke buhun ya juyo, mutumin Bogoro ne. Don ya huta da murɗa jiki ya koya wa kansa ɗauka da hagu, yana kuma rage tsawo don ya dace da kanta. Ya dafa ƙugu ya daɗe bai miƙe ba, fuskarsa a yamutse.

Shi bai taɓa ganin Baba ba, ko hotonsa. Amma ga shi wurin ya lanƙwasa shi ya mai da shi Baba, har da ciwon. Na tuna shekarun da na yi ina dama man zafi ina shafa wa waccan kafaɗar, na tuna shi ma wannan akwai masu jiransa a gida.

Na ɗaga kujerar na zauna. Na kira shi, ya zo yana ɗingishi.

Na ce, "Yaya, a ina ka fi jin daɗin ɗauka?"

Ya dube ni kamar bai gane ba, sannan ya nuna ƙirjinsa. "Nan. Kuma dama. Amma in zai kawo matsala ki bari."

"Ba zai kawo ba."

Na buɗe ƙa'idar na danna gogewa. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata. Ban tabbata ba, amma na ce mata e. Ba a jima ba wata tirelar sukari ta ja baya zuwa ƙofa. Aka haska buhu, ta rubuto: layin farko, dama, kanta ta uku. Ko jinkiri ba ta yi ba, ƙanwar tawa. Na so a ce ta ɗan yi.

Na nemi izini na fita kafin azahar. A keke babu mai yi wa kowa gyaran tuƙi, har muka iso Fadaman Mada. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ga fuskata ta ajiye faifai.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

Na ce, "Baba."

Ta ture faifan gefe. Sannan ta matsa mini wuri a kan tabarma, ta ce Allah ya jiƙansa, kamar yanzu aka kawo mata labarin.